Ƙofa Mai Lamba

Ɗaki uku Baba ya bar min a Argungu,
da rijiya, da darbejiya,
da littafi mai baƙin bango
inda baƙi ke rubuta suna.
Shekara sha tara ina shimfiɗa,
ina kaɗe tabarma, ina shanya.

Na sauki fataken kifi daga Yawuri,
na sauki mai auna zurfin gulbi,
da wata likita 'yar Jos
da ta ce tuwona ya fi allurarta.
In Matan Fada ta cika da gora,
har zaure nake share wa mutane.
Da kuɗin na kai Hantsi makaranta,
da su na sake kwanon ɗakin tsakiya.

Bara waccan suka iso.
Ba su yi kama da masu ƙwace ba.
Yaro ne siriri, da jaka, da ladabi,
har ƙasa yake kaiwa in zai gaishe ka.
Ya ce kamfaninsu na Abuja
na son gidaje, hayar shekara uku,
kuɗi a dunƙule, yau-yau.

Arzika ne ya fara sa hannu.
Ban ga laifinsa ba, bashin taki ya sha masa kai.
Sai Nomau, sai magadan Alhaji Modi.
Kafin a yanke shinkafa,
gida sha ɗaya a layinmu
sun sha fenti iri guda, ruwan toka.
Malam Jabbi, mai haya tun Hantsi na goye,
ya ɗaure littattafansa da igiyar guga
ya koma Gulma.
Yanzu kullum a makare yake shiga aji.

Ƙofofin ba su da makulli.
Lamba ake latsawa su buɗe.
Ba sallama, ba lale, ba ruwa a moɗa.
Baƙo ya kwana uku ya wuce
bai san an yi rasuwa a bayan katanga ba.

Na ce dubu takwas, suka ce bakwai.
Na ce shida,
suka ce biyar, har da na'urar sanyi.
Su gari goma suke jingina da shi,
ni ɗaki uku, da rijiya.
Giwan ruwa ba ya gaba da gargaza,
baki kawai yake buɗewa.

'Yan kabu-kabun tasha ma
an yanka musu na goro kan kowane kai.
Hantsi ta duba wayarta ta ce,
"Inna, a cikin nan babu gidanmu."
Na ce, to a ina muke kwana?

Shekaranjiya hadari ya haɗo da dare,
sabis ya ɗauke.
Wani ya buga min ƙofa, jiƙe sharkaf.
Lambarsa ta ƙi,
wanda zai kira yana can Abuja yana minshari.
Na hura wuta, na ɗumama tuwo,
miyar kuka da busasshen kifi.
Da safe ya ce rabonsa da barci irin wannan
tun mahaifiyarsa na da rai.
Ya rubuta suna a littafin,
na farko tun watan azumi,
sannan ya ja jakarsa ya tsallaka titi.
Can ya riga ya biya.

Jiya da la'asar yaron ya dawo.
Ya durƙusa, ya tambayi jikina.
Ya ce gidana ya yi,
sai dai a rufe rijiya,
a sare darbejiya don mota ta samu wuri.

Takardar na ƙarƙashin faifai.
Ɗakin gabas na yoyo.
Hantsi ta miƙo min biro, ba ta dube ni ba.
Na ce ta riƙe tukuna,
in je in kwashe shanya,
ga wani hadarin can ta wajen Kamba.